John Lydon da waƙoƙin tsufansa: tambayoyi da amsoshi

A 1977 babu matashin da jaridun Ingila suka tsana kamar Johnny Rotten, wato John Lydon, mawaƙin ƙungiyar Sex Pistols. A 2023 kuma sai ga mutumin nan, yana ɗan shekara 67, a gidan talabijin na ƙasar Ailan yana rera wa matarsa marar lafiya waƙa cikin sanyin murya. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abin da ya faru tsakanin waɗannan lokuta biyu, musamman kundayen waƙa uku da ya fitar bayan ya manyanta.

Wane ne John Lydon, kuma ina ya samo sunan Johnny Rotten?

An haife shi ranar 31 ga Janairu 1956 a arewacin Landan, ya tashi a unguwar Finsbury Park. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Ailan, talakawa mabiya Katolika, shi ne kuma babba a cikin 'ya'yansu maza huɗu. An kore shi daga makaranta yana ɗan shekara 15. A 1975 yana yawan zuwa wani shagon tufafi a titin King's Road, na Malcolm McLaren da Vivienne Westwood. Ya rina gashinsa kore, yana sanye da rigar ƙungiyar Pink Floyd wadda ya rubuta a samanta cewa ya tsane su. McLaren na neman mawaƙi ga wata ƙungiyar samari da yake kula da ita, sai aka kira yaron nan a gwada shi. Bai iya waƙa ba, amma yana da wani irin kallo da wata irin tsiwa da babu mai su. Haka ya shiga Sex Pistols tare da Steve Jones mai jita, Paul Cook mai ganguna, da Glen Matlock mai jitar bes. Sunan Rotten kuwa tsokana ce a kan ruɓaɓɓun haƙoransa, ta bi shi har abada.

Mene ne kiɗan punk ɗin ma tukuna?

Kiɗa ne mai sauri da ƙara, gajere, wanda ba ya buƙatar gwaninta. Jita, bes, ganguna, da mutum ɗaya yana ihun abin da ke cinsa a rai. Ya ɓulla a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970. A Birtaniya lokacin matasa ba aiki, farashi na hauhawa, har sai da gwamnati ta je neman rance wurin IMF a 1976. Manyan mawaƙan zamanin sun yi kuɗi sun yi nisa da talaka. Samarin punk suka ce kowa ma ya ɗauki jita ya faɗi tasa.

Sex Pistols ba su daɗe ba, amma sun tayar da ƙura. A ranar 1 ga Disamba 1976 suka yi ashar kai tsaye a wani shirin talabijin na yamma da Bill Grundy ke gabatarwa, washegari ƙasa ta ɗauka. Kamfanin EMI ya sallame su, A&M ya ɗauke su ya sake su cikin mako guda, kafin Virgin ta karɓe su. A 1977, shekarar da Sarauniya Elizabeth ke bikin cika shekara 25 a kan gadon sarauta, suka saki “God Save the Queen”, waƙar da ke cewa matasan Ingila ba su da makoma. BBC ta hana sa ta, duk da haka ta kai mataki na biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye. Wasu 'yan kishin sarauta suka tare Lydon da wuƙa suka yanke shi a hannu.

Me ya raba shi da ƙungiyar?

Gajiya da rashin yarda. Kundi ɗaya tak suka yi, a Oktoba 1977. A Janairu 1978 suka ƙare rangadin Amurka a San Francisco, inda Lydon ya durƙusa a kan dandali ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin an damfare su, ya ajiye makirufo ya fita. Abokinsa Sid Vicious, wanda shi ya kawo shi ƙungiyar a madadin Matlock, ƙwaya ta riga ta cinye shi. Ya mutu a Fabrairu 1979 yana ɗan shekara 21.

Lydon ya koma sunansa na yanka, ya je Jamaika yana taya kamfanin Virgin neman mawaƙan rege, kiɗan da ya taso yana ji a wurin maƙwabtansa 'yan Jamaika. Da ya dawo ya kafa Public Image Ltd, wadda ake taƙaitawa PiL, tare da Keith Levene da Jah Wobble. Kundinsu na 1979, *Metal Box*, an sayar da shi ne cikin gwangwanin ƙarfe irin na ajiye fim. Masana kiɗa da dama suna ɗaukarsa sama da duk abin da Sex Pistols suka yi, kuma ina tare da su.

Daga yaushe za a ce an shiga zangon tsufansa?

Daga 2009. PiL ta tsaya a 1992, sai da aka yi shekara 17 kafin ya sake tara ta. Kuɗin da ya yi amfani da su kuwa na tallar man shanu ne. A 2008 ya fito a talabijin ɗin Birtaniya sanye da kwat irin ta attajiran ƙauyen Ingila yana yabon man shanun Country Life. An yi masa dariya, an ce ɗan tawaye ya zama ɗan talla. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce kamfanonin faifai sun ɗaure shi da bashi sun ƙi sa masa kuɗi, da kuɗin man shanun ya biya makaɗa, daga baya ya kafa nasa kamfanin, PiL Official.

A ƙarƙashinsa ya fitar da kundi uku: *This Is PiL* a 2012, *What the World Needs Now…* a 2015, da *End of World* a Agusta 2023. Duka ukun da mutane iri ɗaya ya yi su, Lu Edmonds a jita, Scott Firth a bes, Bruce Smith a ganguna. Ga mutumin da a da ya sha ɓatawa da makaɗansa, wannan kaɗai labari ne. Zanen da ke bangon kundayen ma da hannunsa ya yi.

Me yake waiwaya a cikin waɗannan waƙoƙi?

Abin da zai ba mai sauraro mamaki shi ne bai cika komawa 1977 ba. Yana tsallake shekarun shahararsa ya koma can baya, ga yarinta. A “One Drop”, fitacciyar waƙar kundin 2012, yana gabatar da kansa kamar baƙo, ya faɗi sunansa John, ya ce a Landan aka haife shi, ya ce shi da tsararsa cikin hargitsi suka fito kuma ba mai iya canza su. Finsbury Park ta zamaninsa ce yake nufi, inda 'ya'yan Ailan da na Jamaika da na Girka da na Turkiyya suke wasa a kangayen da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka bari, ranar wasa kuma su ɗunguma filin Arsenal. A “Human” yana kewar Ingilar da ya sani, alhali ya yi shekara da shekaru yana zaune a California, har ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 2013.

Akwai kuma waiwayen da bai wuce ɗakin kwana ba. “Double Trouble”, wadda ta buɗe kundin 2015, ta samo asali ne daga cacar baki tsakaninsa da matarsa a kan masai da ya lalace. Ya taɓa gyara shi da kansa sau ɗaya, shi ke nan ta ɗauka ya iya, shi kuma yana cewa a kira mai gyaran famfo. Da irin muryar da ya zagi gidan sarauta da ita yake ihun wannan rigima. Duk wanda ya daɗe da aure zai gane wurin.

Ana yawan ambaton ciwon da ya yi yana yaro. Mece ce alaƙarsa da waƙoƙin?

A ganina duk wanda bai san wannan ba bai fahimci mutumin ba. Yana ɗan shekara 7 sanƙarau ya kama shi. Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan ciwo, don muna ganin abin da yake bari a jikin yara idan zafi ya yi zafi. Lydon ya yi kusan shekara guda a asibiti, ya yi doguwar suma, ana zuƙe masa ruwa daga ƙashin baya da allura. Ya tashi da ɗan doro da raunin gani. Wannan zare ido da ya tsorata Ingila a hotuna, asalinsa yaro ne da ke ƙoƙarin ganin abin da ke gabansa.

Abin da ya fi muni shi ne ya farka bai san kowa ba. Bai san sunansa ba, bai gane uwarsa da ubansa ba. Wasu mutum biyu suka zo suka ce su ne iyayensa, dole ya yarda ya bi su gida. Ya ce sai da ya yi kamar shekara huɗu kafin tunaninsa ya dawo, kuma mahaifiyarsa Eileen ce ta sake koya masa karatu. A makaranta yara suna kiransa dolo. Ya sha faɗi cewa tun daga nan ya tsani ƙarya, domin wanda ya rasa tunaninsa ba shi da abin dogaro sai abin da aka gaya masa. Ya kuma ce likitoci sun shawarci iyayensa su riƙa tunzura shi don ƙwaƙwalwarsa ta motsa. Daga nan ne maganar da ya fi shahara da ita ta fito, cewa fushi makamashi ne, wadda ya rera a “Rise” a 1986 ya kuma sa wa littafin tarihin rayuwarsa na 2014.

To ka ga mutumin da ya taɓa rasa jiyansa gaba ɗaya, in ya waiwaya baya, yana ƙirga abin da ke hannunsa ne kada ya sake suɓucewa. Shi ya sa waƙoƙin suke cike da sunan unguwa da na abokan yarinta. Sai kuma ƙaddara ta kawo masa ciwon mantuwa har cikin gida, ta ɗora wa matarsa.

Wace ce matar tasa?

Nora Forster, Bajamushiya, 'yar wani attajiri mai gidan jarida. Ta girme shi da kusan shekara 14. Sun haɗu a shagon nan na King's Road a 1975, an gargaɗe ta da ta yi nesa da shi, ta ƙi ji. Sun zauna tare fiye da shekara 40, ba su haihu ba. 'Yarta ta auren farko ita ce Ari Up, mawaƙiyar ƙungiyar mata ta The Slits, wadda kansar nono ta kashe a 2010. Lydon da Nora ne suka riƙe 'ya'yanta maza.

A Disamba 1988 suna da tikitin jirgin Pan Am mai lamba 103 daga Landan zuwa New York. Nora ta yi nawa wajen haɗa kaya, jirgi ya tashi ya bar su, suka yi ta faɗa. Shi ne jirgin da bam ya tarwatsa a saman garin Lockerbie na Scotland, mutum 270 suka mutu.

A 2018 aka tabbatar tana da Alzheimer's, cutar da ke cin tunanin mutum kaɗan-kaɗan. Lydon ya ƙi kai ta gidan kula da tsofaffi. Shi ke dafa mata abinci, ya yi mata wanka, ya sa mata kaya. Ya ce don ya sa ta dariya ne ma ya shiga shirin *The Masked Singer* na Amurka a 2021, inda ake rufe fuska a yi waƙa, ko za ta gane shi. Ta rasu a Afrilu 2023 tana da shekara 80.

Ita ce aka yi wa waƙar “Hawaii”?

Ita ce. Ta fito a Janairu 2023, wata uku kafin rasuwarta. Waƙar tana tuna wani hutu da suka taɓa yi a tsibirin Hawaii, ɗaya daga cikin lokutan da suka fi jin daɗi a zamansu. Kiɗan a hankali yake tafiya. Gangunan suna bugawa ƙasa-ƙasa, jitar Edmonds tana lilo, shi kuma Lydon ya sauke murya har wanda ya san shi da ihu zai yi shakkar ko shi ne. Kalmomin ba su da yawa. Zuciyar waƙar roƙo ne guda da yake ta maimaitawa: ki tuna da ni, ni ina tuna ki.

Wani mawaƙin zai iya rera wannan ya zama kalaman soyayya na yau da kullum. A bakin Lydon nauyinsa daban ne, domin ya taɓa kwanciya a gadon da ba ya gane masu ƙaunarsa, ya san tsoron da ke ciki. Ya faɗi cewa abin da ya sha yana yaro shi ya koya masa yadda zai bi da Nora: kada a yi mata magana kamar jaririya, kada a tsare ta da tambaya, kada a yi mata ƙarya.

Ba wannan ne karon farko da ya yi waƙa a bakin gadon mai jinya ba. “Death Disco” ta 1979 ta mahaifiyarsa ce, wadda kansa ta kashe. A can yana kururuwa ne kamar wanda ake yanka, a kan kiɗan rawa mai tayar da hankali. A saurari biyun a jere, za a ji abin da shekara 44 ta yi wa mutum.

Me ya kai ɗan punk Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai?

Ya so duniya ta ji waƙar, ta kuma yi maganar masu jinyar irin wannan ciwo. Da yake iyayensa 'yan Ailan ne, ya nemi ya wakilci ƙasar. A ranar 3 ga Fabrairu 2023 PiL ta fafata da wasu biyar a shirin *The Late Late Show* a Dublin, ta zo ta huɗu. Ƙungiyar Wild Youth ce ta yi nasara, ta je Liverpool inda aka yi gasar, ba ta kai zagayen ƙarshe ba. Lydon dai bai ɓoye cewa ya daɗe yana raina gasar ba, ko a lokacin da yake neman shigarta.

Duk kundin *End of World* haka yake da taushi?

Ina! “Hawaii” ce ta ƙarshe a cikin waƙoƙi 13, kuma kafin ka isa gare ta sai ka sha faɗa. “Being Stupid Again” ba'a ce ga ɗaliban jami'a masu zanga-zanga. A nan, gaskiya, ya fi kama da dattijon da ke zaune ƙofar gida yana yi wa yaran unguwa tsawa, ya manta irin tasa ƙuruciyar. “L F C F” tana caccakar maƙaryata da mayaudara, kuma da tsofaffin abokansa na Sex Pistols yake. Wadda ta fi armashi bayan “Hawaii” ita ce “Car Chase”, labarin wani da ake tsare da shi a gidan masu taɓin hankali, yana sulalewa da dare ba tare da masu gadinsa sun sani ba.

An fara aikin kundin tun 2018, annobar korona ta dakatar da shi. Lydon ya ce Nora ta ji shi tana so, kuma ba za ta yarda a ɗage fitarsa saboda ita ba. Aka sadaukar mata da shi.

Me ya sa ba ya shiri da tsofaffin abokansa na Sex Pistols?

Rigimar ta wa ke da ikon ba da labarin ce. Sun sake haɗuwa a 1996, suka ce a fili kuɗi suka zo nema, sun kuma yi wasu wasanni har 2008. A 2006 aka sa su a zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, suka aika da wasiƙar zagi suka ƙi zuwa. Amma a 2021 Jones da Cook suka kai Lydon babbar kotun Landan, saboda ya hana a yi amfani da waƙoƙin ƙungiyar a *Pistol*, fim mai dogon zango da Danny Boyle ya shirya daga littafin Jones. Alƙali ya ce akwai yarjejeniyar 1998 da ta ba masu rinjaye ikon yanke hukunci. Lydon ya sha kaye, ga kuɗin lauyoyi, ga mata a kwance. A 2024 sauran ukun suka koma dandali da wani mawaƙi mai suna Frank Carter yana rera waƙoƙin da Lydon ya rubuta. Ya kira abin kwaikwayo.

Yana da hujja, don kalmomin nasa ne. Su ma suna da tasu, don kiɗan nasu ne, kuma shi ba mutum ne mai sauƙin zama da shi ba.

Ba a ce ya juya wa aƙidarsa baya ba?

An faɗa, kuma ba a rasa dalili ba. Ya goyi bayan Donald Trump a zaɓen 2020. Da Sarauniya ta rasu a Satumba 2022 ya yi mata fatan rahama, ya kuma nisanta kansa daga duk wani yunƙurin cin riba da tsohuwar waƙar a lokacin makoki. Amsarsa ita ce tsarin sarauta yake adawa da shi, ba matar ba, kuma bai taɓa zama ɗan wata jam'iyya ba, yana bin inda yake ganin talaka ma'aikaci ya nufa. Wasu masoyansa sun karɓi wannan, wasu sun tattara faifansa sun ajiye. Ni dai ina ganin a siyasa tsokana ta fi tunani yawa a maganganunsa, tun yana saurayi har yau. Waƙoƙin da ya yi a kan mutanen da ya sani da idonsa sun fi waɗanda ya yi a kan jama'ar da yake gani a talabijin.

Sauran tsararsa fa?

Da yawa ba su kai tsufan ba. Joe Strummer na ƙungiyar punk ta The Clash ya mutu a 2002 yana ɗan shekara 50. Mutum huɗun da suka kafa Ramones, ƙungiyar punk ta New York, duk sun tafi tsakanin 2001 da 2014. McLaren ya mutu a 2010, Levene da Westwood a ƙarshen 2022. Wanda za a iya kwatanta shi da Lydon shi ne Iggy Pop, haifaffen 1947, wanda kundinsa na 2016, *Post Pop Depression*, ya koma ga zamansa a Berlin tare da David Bowie. Sai dai Iggy yana waiwayen ganiyar aikinsa ne, abin da Lydon ke kauce wa.

Ya yi ritaya bayan rasuwar Nora?

Ya yi tunanin haka, musamman da yake a Disamba 2023 ya sake rasa John “Rambo” Stevens, abokinsa tun na yarinta kuma manajansa. Ya ce rangadin hira da ya yi a garuruwan Birtaniya, inda yake zama ya yi magana da jama'a ba kiɗa, shi ya dawo masa da ƙarfin gwiwa, saboda yadda mutane suka riƙa tarbarsa. A 2025 PiL ta sake fita rangadi, ya sa masa suna “This Is Not The Last Tour”, wato ba shi ne na ƙarshe ba, yana yi wa mawaƙan da ke bankwana kowace shekara shaguɓe.

Wanda bai taɓa jin sa ba, daga ina zai fara?

Ya fara da “Public Image” ta 1978, inda yake sallamar Sex Pistols. Sai “Death Disco”, sai “Rise”, wadda ta taɓo azabtarwar gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Daga nan ya tsallako zuwa “One Drop” da “Double Trouble”, ya rufe da “Hawaii”. Duka suna YouTube da Spotify. A kula, akwai ashar a wasu daga cikin waƙoƙin shekarun baya-bayan nan, “Double Trouble” na ciki, don haka a sa abin kunne idan akwai yara a kusa.